Ba Zan Dangwala Yatsana a Kan Gidan Mudi Ba

Gadarif,
farkon watan Shawwal, 1405.

Zuwa ga ɗana Kassim, ɗan ƙanwata Ummuhani, a Jidda.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai yawa da addu'a, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta iske ka cikin ƙoshin lafiya, kai da maiɗakinka Maiturare da yaranku. Allah Ya karɓi azuminku da namu, Ya maimaita mana, Ya tsare ka a wurin aikinka, Ya sa wa guminka albarka. Mu nan alhamdu lillahi. An yi Sallah lafiya, ko da yake dawa ta yi tsadar da ban taɓa gani ba tun da na yi wayo. Innarka Ummuhani tana nan da sauƙi, sai dai gwiwar nan tata ta hagu da ke hana ta sallah a tsaye. Ƙanwarka Larai ta sauka lafiya kafin azumi, an samu mace, an sa mata Hadiza, kuma goshinka ta ɗauko. Hadari ya fara haɗuwa ta wajen Habasha da la'asar, har an yi yayyafi ƙasa ta yi ƙamshi. 'Yan aiki sun cika bakin kasuwa suna jiran motocin da za su kai su gonakin Simsim. Bayan farin shekarun nan, kowa idonsa na sama.

Sharu tela ne yake rubuta mini wannan, ka san ni ban yi boko ba, allon ma ban daɗe a kansa ba. Na ce masa ya rubuta yadda na faɗa, kada ya zuba wa maganar sukari. Ya ce me zai hana in yi magana a kaset kamar yadda kowa ke yi yanzu, na ce a'a. Kaset a tsakar gida ake sa shi, maƙwabta su ji, yara su ji, har mai tallan gawayi ya tsaya a bakin ƙofa ya ji. Takarda kuwa kai kaɗai za ka buɗe ta. Ni ba zan yi maka abin da ka yi mini ba.

Domin na ji kaset ɗinka, Kassim. Ranar da ya iso, Innarka ta aro rakodar maƙwabta, mata suka zagaye ta a inuwar rumfa, ni kuma ina bayan zana ina ɗaure igiyar gadona, angarib ɗin nan nawa, da ta saki, ba wanda ya tuna ina wurin. Na ji ka gaida kowa da sunansa, na ji daɗi. Na ji ka ce ka samo wa Inna gida nata na kanta, tsohon gidan marigayi Alhaji Mudi, ka ga hotonsa, ka gama magana da Cindo samsari mai dillancin gidaje, saura wakili ya je gaban shaidu ya dangwala yatsa a madadinka. Sai ka yi 'yar dariya, ka ce a kai Kawu Ɗanliti ya dangwala kawai, amma kada a bari ya fara labaran mutanen da suka mutu, in ba haka ba har damina ta wuce ba a saya ba. Matan suka kwashe da dariya. Larai ce ta hango ƙafata ta ƙarƙashin zana, ta yi wuf ta kashe rakodar. Ni da na ɗauke ka a wuya ran da aka kai ubanka makwancinsa, kana kuka kana jan gemuna, yau na koma yatsa kawai. To, ka gyara zama ka ji labarin mutanen da suka mutu, domin ɗakin da kake so uwarka ta kwana a ciki a kan aikin hannunsu yake tsaye.

Ka san matmura, ko Jidda ta mantar da kai? Ramin da muke haƙawa mu binne dawa, mu shimfiɗa ƙaiƙayi a ƙasa da gefe, mu zuba hatsi, mu rufe da ƙasa, ya shekara bai lalace ba. Mutane a bayan gari suke haƙa nasu. Alhaji Mudi kuwa, Allah Ya jiƙansa, mutum ne da ba ya son a ƙirga masa hatsi da ido, saboda haka lokacin da gonakin inji suka fara bunƙasa, dawa ta yi masa yawa, sai ya sa aka haƙa nasa a cikin gidansa, ta kusurwar gabas. Ni da marigayi Nagoggo muka haƙa su, muna samari, kuma ba ɗaya ba ne, ba biyu ba. Babban cikinsu in na tsaya a ciki na ɗaga hannu ba na taɓa bakinsa, da igiya Nagoggo yake jawo ni. Daga baya Alhaji ya gina sito a kasuwa, aka kwashe dawar, ramukan suka zauna baki buɗe. Ba wanda ya kawo ƙasa ya cike su ya daddale. Matan gidan ne suka yi ta zuba toka da shara da kashin awaki da guntayen kara, shekara da shekaru, har sama ta yi ɓawo ta daidaita da tsakar gida. Alhaji ya san abin da ke ƙasa. Har ya koma ga Allah bai yarda an kafa ko turken rumfa a wannan kusurwa ba, awaki kaɗai yake bari a can.

Da ya rasu, ɗansa Adamu ya zo daga garin Madani. A can yaron ya tashi wurin dangin uwarsa, bai san gidan ba sai da baƙunci. Ya duba ya ga fili a kusurwar gabas, ya kira magina suka ɗora ɗakin jan bulo da rufin kwano. Ni ina Simsim ina gadin gona a wannan shekarar, na dawo na tarar har an yi daɓen siminti. Na je na same shi na gaya masa. Ya saurare ni da ladabi, ya ba ni shayi, ya ce ya ji, ya hau mota ya koma Madani. Wannan ɗakin ne ka gani a hoto, mai taga shuɗiya, wanda ka ce shi ne na Inna. Za ka ce ai ga shi nan a tsaye har yau. Yana tsaye ne domin tun da aka gina shi sama ba ta yi ruwan kirki ba. Ɗakin nan bai taɓa ganin harif na gaske ba, irin daminar da hor, rafin nan na gari, yake cika ya tumbatsa, mota ta kafe har gindi a tsakiyar gari. Kai ɗan Gadarif ne, ka san baƙar ƙasarmu. Da rani ta ƙafe kamar dutse, ta dare har ƙafar akuya ta shige. Ruwan farko ta waɗannan tsagogin yake bi ya gangara ƙasa. In ya iske toka da ruɓaɓɓen kara, me kake tsammani za su yi? Za su jiƙe su zauna, abin da ke samansu ya bi su.

Ba labari nake ba ka na abin da ban gani ba. A gidan Nagoggo kansa, wata damina mai ƙarfi, tsohon raminsa ya buɗe da rana tsaka ya haɗiye jakinsa har wuya. Unguwa ta taru da igiyoyi da fatanya, muka yini muna ja, jakin yana kallonmu kamar mu muka tura shi. Mun yi dariya a ranar, domin jaki ne, kuma ba bango a kansa, ba kwano. Innarka kuwa da wannan gwiwar, in ƙasa ta motsa, kafin ta sauko daga gado ta lalubo sandarta an gama.

Duk da haushin da nake ji, na je na duba gidan, kada ka ce na yi hukunci daga kan tabarmata. Cindo ya zo da mabuɗi da farar jallabiyarsa, yana ta Baba Ɗanliti, Baba Ɗanliti. An shafe gidan da farar ƙasa ciki da waje, har gindin darbejiya bai tsira ba. Ya nuna mini ƙofar ƙarfe, ya nuna mini famfo, ya nuna mini inuwa. Na ce ya buɗe ɗakin gabas. Abin da na fara gani ƙyaure ne, an fere ƙasansa ta gefe guda, itacen sabo fil, ko fenti ba a shafa ba. Ƙyaure ba ya yin tsawo da kansa, Kassim, sai in ƙofar ce ta karkata. A ciki an shimfiɗa sabuwar tabarma daga bango zuwa bango. Na sa sanda na naɗe ta. Na ce wa Cindo ya miƙo mini buta zan yi alwala, ya miƙo, na tuntsurar da ita a bakin ƙofa. Ruwan bai yi shawara da kowa ba, ya miƙe ya tafi tsakiyar ɗaki ya kwanta. Cindo ya ce wai da gangan magini ya yi haka don sauƙin wanke ɗaki. Na ce masa ni dai abin da na sani ana wankewa ruwa ya taru a tsakiyarsa akushi ne. Na buga sandata a gindin bango, ta yi ƙara irin ta ƙasa. Na buga a tsakiya, ta amsa kamar tulun da ba kome a ciki. Ya ce kunnen tsufa ne. Na ce to ya zo ya yi tsalle a wurin da ƙafa biyu, shi da yake da kunnen ƙuruciya. Ya yi dariya, ya gyara rawaninsa, amma bai taka ba. Ta gefen bango ya bi ya fita.

Na ce masa magana ɗaya ce. Ya aika wa Adamu a ba mu izini mu fasa daɓen mu haƙa mu gani. In ƙasa ce mai ƙarfi, ni zan biya magini ya mayar, in nemi gafarar kowa. In rami ne, a rushe ɗakin, a cike da ƙasa da tsakuwa a daddale, damina ta bi ta kai, sannan a yi maganar ciniki. Amsar da ta dawo ita ce mu saya tukuna, in mun ga dama mu haƙa rijiya ma. Cindo ya ƙara da cewa akwai wani ɗan kasuwar riɗi da ke son gidan, in muka tsaya jan ƙafa zai ɗauke. Sai na tafi kasuwa na nemi mutumin, na same shi a kan buhunansa, na gaya masa duk abin da na gaya maka. Cindo ya ce na ɓata masa sana'a. Na ce shi ma mutumin yana da uwa. Ban san abin da zai yanke ba, ya dai yi godiya ya ce zai duba. Watakila ya saya ya mai da shi sito, watakila ya fasa. Wannan tsakaninsa da aljihunsa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne abin da ka jawo tsakanina da ƙanwata. Da labari ya iso mata cewa na je har kasuwa ina kushe gidan, ta zo ta tsaya a kaina da sandarta. Ta ce tun da mijinta ya rasu take zaune a ɗakin ciyawa a gidan wani, ko da wanin nan yayanta ne. Ta ce tana so kafin ta mutu ta rufe ƙofa ta ce tata ce, ta dasa lemun tsami ta ce nata ne, jikokinta su sauka daga Jidda su ce sun zo gidan kakarsu. Ta ce ni baƙin ciki nake yi za ta fita daga ƙarƙashina, so nake a ɗauki gawarta daga bukkata. Ummuhani ce ta faɗa mini haka, wadda na goya muna biye da iyayenmu a kan hanyar gabas ta zuwa Makka. Tun ranar ta daina aiko mini da jabana, kofin da take dafa mini kowace safiya da citta tun dawowarta gidan nan. In mun haɗu a tsakar gida sai ta gaida matata ta wuce. Hoton da ka aiko yana ƙarƙashin matashinta, Larai ta ce takan fito da shi ta shafa tagar nan shuɗiya da yatsa. Ban ga laifinta ba, abin da take so hakkinta ne. Laifinka nake gani. Kai ka sa mata hoto a hannu kafin ka tambayi kowa, ka sa ta shiga gidan da zuciyarta, yanzu ni ne mugun da zai fito da ita.

Wa ya gaya maka ana sayen tsohon gida a Gadarif da rani? Wa ya gaya maka ana sayensa da hoto? Iyayenmu da suka yanke tafiya suka zauna a garin nan, in za su sayi gida sai sun bari sama ta zuba, su je washegari da laka har ƙauri su ga inda ruwa ya kwana, su ga ta ina yake fita, ko ta gidan maƙwabci yake bi a yi ta rigima. Su soka wuƙa a azara su ji ko gara ta cinye cikinta. Su nemi tsohuwar da ta fi kowa daɗewa a layin su tambaye ta ina tsohon masai yake, ina aka taɓa haƙa rami. Su tambaya ko duk magada sun yarda, kuma in kana so ka sani, Alhaji Mudi yana da 'ya mace tana aure a Ƙala'at an-Nahal, ban ji Cindo ya ambaci sunanta ko sau ɗaya ba. Duk waɗannan ana gyara su. Azara ana canjawa, magada ana zama da su, hanyar ruwa ana fasa ta. Amma ƙasar da ke ƙarƙashin gadon mutum, in ta tafi ba ta sallama. Na san kana shan rana a ƙasar mutane don ka rufa wa uwarka asiri, kuma Allah Ya ga niyyarka. Gaggawar ce da rainin ba zan karɓa ba.

Ga maganata, ka sa a karanta maka sau biyu in ka ga dama. Ba zan je gaban shaidu ba, ba zan dangwala ba. Ka bari harif ya wuce. In an yanke dawa ɗakin nan yana nan daram, kuma an yarda mun haƙa mun ga ƙasa, ni da kaina zan ɗora angarib ɗin Innarka a ka, in bi ta tsakiyar kasuwa da shi, Cindo ya yi dariya har ya ƙoshi. In ɗan kasuwar riɗi ya riga mu, gidaje ba su ƙare a Gadarif ba, zan yi ta yawo cikin laka da wannan sandar har in samo mata wanda ƙasarsa ba ta da ciki. In kuwa ka ƙi ji, ka naɗa wani wakili, dukiyarka ce, ba ni da ikon hana ka. Amma ka sani, ranar da aka ba da mabuɗi ni zan fara shiga. Zan kai gadona ɗakin gabas, in ajiye shi a daidai inda ruwan butar nan ya kwanta, in kwana a wurin har ƙarshen damina. Innarka tana nan a ɗakin ciyawarta, ba za ta tsallake bakin ƙofar nan ba ina numfashi. Ramin da hannuna na haƙa shi, in yana jin yunwa ya fara da ni. Sai ka nemi hutu a wurin masu gidanka ka zo da fatanya, ka sami labarin mutanen da suka mutu da za ka riƙa ba 'ya'yanka.

Na gaya wa Ummuhani haka jiya a gaban Larai. Ta ce tun muna yara kaina kamar turmi yake, kuma ramin ma in ya haɗiye ni tofo ni zai yi. Ta shige ɗakinta. Yau da safe na fito na tarar da jabana a bakin ƙofata, da zafinta, ba sallama, ba sukari ko ƙwaya. Na zauna na shanye ta tas. Ban sani ba ko ta sauko ne, ko dai ba ta so in faɗa rami da ciwon kai. Hoton yana nan a ƙarƙashin matashinta. Sauran aikin naka ne: ka yi mata wani kaset, ka gaya mata da bakinka a dakata, domin maganarka take ji yanzu, ba tawa ba. Kuma ka yi sauri ka ba wa mai zuwa na farko, hadari ba ya jiran jirgi.

Ka gaida Maiturare da kyau, ka ce mata turaren wutan da ta aiko ya iso, matata tana godiya. Ka shafa mini kan yara, ka gaya musu suna da kaka a Gadarif mai yawan labari. Larai da mijinta suna gaishe ku, jaririya Hadiza ma da kukanta. Sharu yana gaisuwa, ya ce in gaya maka hannunsa ya gaji kuma ba abin da ya rage. Ka gaida duk 'yan garinmu da ke tare da kai. In ka je Harami ka sa mu a addu'a, ka roƙa wa Alhaji Mudi da Nagoggo da mahaifinka gafara, ka roƙa mana damina mai albarka wadda ba ta ɗauki ran kowa ba. Allah Ya yi maka albarka, Ya shirye ka, Ya dawo mana da kai lafiya.

Yatsan da kake nema na sa Sharu ya shafa masa tawada, ga shi nan a ƙasan takarda. Ka dube shi da kyau, nan kaɗai za ka gan shi a wannan damina.

Wassalam.

Kawunka,
Ɗanliti